Ƙashin Baya: Yadda Aka Gina Shi da Yadda Za Ka Yi Aiki da Shi a Gona, Kasuwa da Gida

A fadamun Argungu da Suru, lokacin dashen shinkafar rani, mutum kan duƙa tun hantsi, ba ya ɗagowa sosai sai azahar ta gabato, kuma idan ya tashi miƙewa sai ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya yi ta ɗagowa a hankali. Haka ɗan dako yake a kasuwar albasa ta Aliero, haka matar da ke shara da gajeriyar tsintsiya, haka ma ɗan kabu-kabu da ma'aikacin da ke yini a kan kujera a Birnin Kebbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba wata mummunar cuta ce ke haddasa shi ba. Ƙashin baya gini ne mai ƙwari wanda aka yi shi domin motsi. Abin da ya fi wahalar da shi shi ne daɗewa a yanayi guda, da ɗaukar nauyi nesa da jiki, da murɗa ƙugu alhali ana riƙe da kaya. Wanda ya san yadda ginin yake zai gane dalilin kowace shawara da ke ƙasa, ba sai ya haddace ta ba.

Mataki na farko: lalubo ƙashin a jikinka

Ka zauna a kan benci ko kujera marar jingina, ka sunkuyar da kai, ka shafa ƙeyarka zuwa ƙasa. A daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗu za ka ji wani ƙashi ya turo fiye da sauran. Wannan shi ne na bakwai, kuma na ƙarshe, a cikin ƙasusuwan wuya. Daga nan zuwa ƙasa akwai ƙasusuwa 12 na bayan ƙirji, kowanne da haƙarƙari biyu manne da shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Bayan su sai 5 na ƙugu, waɗanda suka fi duka kauri domin su ne ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. Idan ka ɗora tafukan hannunka a kan ƙasusuwan kwankwaso ta gefe, manyan yatsu suna kallon baya, inda yatsun za su haɗu a tsakiya yana kusa da ƙashin ƙugu na huɗu. Ƙasa da nan akwai ƙasusuwa 5 da suka haɗe suka zama faffaɗan ƙashi guda a tsakanin ɗuwawu, sannan ƙananan ƙasusuwan tsuliya, galibi 4, waɗanda mutum kan ji zafinsu idan ya faɗi zaune. Jimilla 33 ke nan, amma 24 na sama ne kawai ke motsi.

Likitoci kan ba kowane ƙashi harafi da lamba: C ga na wuya, T ga na ƙirji, L ga na ƙugu, S ga na ƙasa. Saboda haka idan ka ga an rubuta L4-L5 a takardar hoton ƙashi, ana nufin tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, wato ɗan ƙasa kaɗan da inda yatsunka suka haɗu.

Ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne, kuma bai kamata ya zama miƙaƙƙe ba. Idan aka kalle shi ta gefe yana da lanƙwasa huɗu: wuya da ƙugu sun lotsa ciki, bayan ƙirji da ƙashin ƙasa sun turo waje. Jariri da lanƙwasa guda ake haihuwarsa. Ta wuya tana bayyana ne lokacin da ya fara riƙe kansa a wajen wata uku zuwa huɗu, ta ƙugu kuma sai ya fara zama da tsayuwa da tafiya. Waɗannan lanƙwasa su ne ke rage jijjiga a duk takun da mutum ya yi. Ka jingina da bango, diddige da ɗuwawu da kafaɗu suna taɓa shi, ka zura tafin hannu a bayan ƙugunka. Ɗan sararin da hannun ya shiga shi ne lotsawar da ake so ta kasance.

Mataki na biyu: abin da ke tsakanin ƙasusuwan da abin da ke cikinsu

Tsakanin kusan kowane ƙashi da na ƙasa da shi akwai faifan guringuntsi, guda 23 gaba ɗaya. Gefensa zobba ne masu tauri, tsakiyarsa kuma taushi gare ta, cike da ruwa. Aikinsa irin na gammo ne: yana shiga tsakanin abu mai tauri da abu mai tauri, ya baza nauyi don kada ya taru a wuri guda. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan faifan, da dare kuma idan an kwanta sai ya sake tsotsar ruwa ya cika, shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba fiye da magariba da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu. Faifan babban mutum ba shi da jijiyoyin jini a tsakiyarsa, ta wannan matsewa da sakewa yake samun abinci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa motsi ya zama abincin baya, doguwar kwanciya ko dogon zama kuma suke ƙara masa tauri.

A bayan faifan, ƙasusuwan sun jeru sun yi rami mai tsawo, kuma a cikinsa laka take. Laka ba ɓargo ba ce. Ci gaban ƙwaƙwalwa ce, ta cikinta saƙo ke sauka zuwa ga tsoka, ta cikinta kuma jin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga gare ta a kowane gefe. Na wuya suna zuwa hannaye, wasunsu kuma su ne ke motsa tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, dalilin da ya sa karayar saman wuya kan tsayar da numfashi. Na ƙugu da na ƙasa suna zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura da al'aura. Wasu daga cikinsu sun haɗu sun zama jijiya mafi kauri a jiki, wadda ta ratsa ɗuwawu ta bi bayan cinya, rassanta suka kai har tafin ƙafa. Idan faifai ya tsage tsakiyarsa ta turo ta danne tushen wannan jijiya, sai mutum ya ji zafi na sauka ƙafa da mindirya, alhali ƙafar lafiyarta ƙalau. An fi samun haka a L4-L5 da L5-S1, inda nauyi ya fi taruwa.

Akwai abin da nake so mata musamman su sani. Lakar babban mutum ba ta kai ƙarshen ramin ba, tana tsayawa ne a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Allurar kashe zafi da ake yi a baya kafin tiyatar haihuwa, da ɗibar ruwan baya don gwajin sanƙarau, irin wanda aka yi wa mutane da yawa a annobar 2017 da ta shafi Zamfara da Sakkwato da Kebbi, duk ƙasa da wannan wuri ake yin su, inda babu laka. Tsoron cewa allurar za ta huda laka ya sa wasu suna ƙin gwajin da zai ceci ransu, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai.

Mataki na uku: gane wurin da ya kamata kowane motsi ya fito

Baya yana motsi iri huɗu: sunkuyawa gaba, banƙarewa baya, karkata gefe, da juyawa. Sai dai ba kowane sashe ne ya iya duka ba. Wuya ya fi kowa sakewa, kuma kusan rabin waiwayen da kake yi wajen sallame salla daga tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu yake fitowa. Bayan ƙirji ya iya juyawa, amma haƙarƙari sun taƙaita masa sunkuyo. Ƙugu ya iya sunkuyo da banƙarewa, amma ƙananan gaɓoɓin da ke bayansa sun kusa hana shi juyawa gaba ɗaya. A nan ne yawancin ɓarna take faruwa, domin mai loda buhu a mota kan kafe ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗauki kaya daga dama ya murɗa ya ajiye a hagu, ya tilasta wa ƙugu aikin da ba nasa ba.

Wanda aka yi domin wannan aiki shi ne kwatangwalo, inda dunƙulallen kan ƙashin cinya ya shiga cikin kwarmin kwankwaso, yana juyawa ta kowace fuska. Tsokar ɗuwawu, wadda ita ce mafi girma a jiki, tare da tsokokin bayan cinya, su ne ke miƙar da mutum daga duƙe. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba, shi ya sa suke aiki bibbiyu: na baya suna ja ta baya, na ciki suna ja ta gaba da gefe, ƙashin ya tsaya daram a tsakani.

Ga yadda za ka koyi duƙawa daga kwatangwalo. Ka sami sanda miƙaƙƙiya, ko taɓarya marar nauyi, ka ɗora ta a bayanka ta taɓa wuri uku: bayan kai, tsakanin allunan kafaɗa, da saman ɗuwawu. Ka ɗan sassauta gwiwoyi, ka tura ɗuwawu baya har ƙirjinka ya sauko, ba tare da sandar ta rabu da ko ɗaya daga wuraren uku ba. Idan ka yi daidai za ka ji bayan cinya ya ɗaure, ƙugu kuma bai ji komai ba. Mai salla ya riga ya san wannan siffa, domin ruku'un da aka cika shi, baya a shimfiɗe hannaye a kan gwiwa, daga kwatangwalo yake fitowa. Ka maimaita sau goma safe da yamma har jiki ya saba.

Mataki na huɗu: ɗaukar kaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsokokin baya suna manne kusa da ƙashin, tazararsu da shi 'yan santimita ce kawai, kayan da ke hannunka kuwa yana iya yin nisan rabin mita daga ƙugu. Duk yadda kayan ya ƙara nisa, haka ƙarfin da tsokar za ta ja da shi yake ninkuwa, kuma faifan ne ke shan matsin. Ka gwada da bokitin ruwa: ka riƙe shi a jikin cinya, sannan ka miƙa hannu gaba da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma bayanka zai faɗa maka bambancin nan take.

Saboda haka, kafin ka ɗaga buhun taki mai kilo 50 ko jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyin ruwanta kilo 25 ne, ka fara girgiza kayan ka ji nauyinsa, ka kuma duba inda za ka taka da inda za ka ajiye, musamman a kan kunyar fadama mai santsi. Ka matso har kayan ya shiga tsakanin ƙafafunka, ƙafa ɗaya ta ɗan yi gaba. Ka sauka da gwiwa da kwatangwalo tare. Ka kama kayan da kyau, ka ɗaure ciki kaɗan ba tare da ka riƙe numfashi ba, sannan ka tura ƙasa da ƙafafu ka tashi a hankali, kayan yana goga jikinka. Fizga ita ce abokiyar gaba. Idan za ka juya, ƙafafu ne za su taka su juya, cibiya da yatsun ƙafa suna kallon wuri guda. Wajen saukewa ka bi hanyar da ka hau, domin mutane da yawa a nan suke jin ƙugu ya riƙe, lokacin da suka ɗauka aiki ya ƙare.

Buhun shanshara, wato shinkafar da ba a cashe ba, ko na albasa da aka cika aka yi masa hula ba kayan mutum ɗaya ba ne daga ƙasa. A kasuwa za ka ga 'yan dako biyu sun kama kunnuwan buhu sun ɗora wa na uku, ɗaya yana cewa, “To bismilla, yallaɓai, mu ɗaga tare.” Wannan dabara ce ta masu sana'a, babu gazawa a cikinta. Ni a ganina mai gona ko dillalin da ya ƙi biyan mutum na biyu, ko ya ƙi sayen baro, yana cin riba ne da ƙugun wani.

Ɗaukar kaya a ka yana da fa'ida guda, wato nauyin yana sauka ne a kan layin ƙashin baya. Amma ƙasusuwan wuya ƙanana ne, kai shi kaɗai ya kusa kilo 5, kuma haɗarin yana wajen ɗorawa da saukewa da tuntuɓe. A sa gammo mai kauri, a nemi mai tayawa a ɗora da saukewa, kada a waiwaya da wuya alhali kaya na bisa kai, kuma kada a ɗora wa yarinya ƙarama jarkar da babba ke nishi da ita.

Mataki na biyar: aikin duƙe da dogon zama

Duƙawa ba laifi ba ce, daɗewa a duƙe shi ne matsalar. Mai dashe ko yankan shinkafa da lauje ya riƙa miƙewa bayan kowane minti ashirin zuwa talatin, ya dafa ƙugu ya ɗan banƙare baya a hankali sau uku ko huɗu, sannan ya koma. Ya kuma riƙa sauya tsakanin duƙawa da tsuguno da durƙuso a kan gwiwa ɗaya, ya dafa cinya da hannun da ba ya aiki. Matar gida ta ɗaura wa tsintsiya doguwar ƙota, ta ɗora bahon wanki a kan dakali ko turmin da aka kife. Wajen daka kuma a matso da turmi kusa, gwiwoyi su riƙa sauka tare da taɓarya. Mai goyo ta ɗaure yaro sama kuma dam a jiki, domin goyon da ya zazzago ƙasa yana jan ƙugu.

Mai zaman ofis ko shago ya tura ɗuwawu har ƙarshen kujera, ya sa ɗan naɗaɗɗen tawul a lotsawar ƙugu, tafukan ƙafa a ƙasa, ya kuma tashi ya taka duk rabin sa'a. Wayar hannu a ɗago ta zuwa fuska. Direban da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yauri kada ya sauka daga mota ya kama buhu nan take, ya fara takawa na 'yan mintuna.

Mataki na shida: motsa jiki na kullum

Motsi uku sun wadatar, a kan tabarma, ba tare da sayen komai ba. Na farko, ka yi rarrafe, hannaye a ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi a ƙarƙashin kwatangwalo, ka turo baya sama sannan ka sake shi ya lotsa, a hankali, sau takwas zuwa goma. Na biyu, kana nan a rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ka riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma ba tare da kwankwaso ya karkata ba, sannan ka sauya. Na uku, ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka matse ɗuwawu ka ɗaga kwankwaso har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sauko a hankali, sau goma. Ka haɗa da tafiyar sauri ta minti talatin a yawancin ranakun mako. Ɗan jin jiki ba komai ba ne, amma duk motsin da ya sa zafi ya sauka ƙafa, a bar shi.

Idan ciwo ya riga ya kama, kada a lafe a gado kwana da kwanaki. A rage aiki mai nauyi, a ci gaba da takawa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Wajen barci a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu, wajen tashi kuma a mirgina gefe, a sauke ƙafafu, a tura da hannu. Yawancin irin wannan ciwo yana sauƙi sosai cikin mako shida, kuma ba ya buƙatar hoto. Mutane da yawa da ba su da ciwon komai, idan aka yi musu hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ke nuna faifai da jijiyoyi, akan ga faifansu ya ɗan turo, don haka rubutun takarda kaɗai ba hukunci ba ne. Haɗe-haɗen ƙwayoyin “ciwon jiki” da ake ƙullawa a leda kuwa abin gudu ne, domin yawan shan irin su diclofenac da ibuprofen yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, tramadol kuma yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi.

Mataki na bakwai: lokacin da ba a jira

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan ciwon baya ya zo tare da kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi ko bayan gida, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, ko raunin ƙafa da ke ƙaruwa har takalmi yana zamewa ko mutum yana jan ƙafa. Waɗannan alamu ne na cewa an danne jijiyoyin ƙasan ramin, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu kan bar nakasa ta dindindin. Haka kuma a nemi likita ba da ɓata lokaci ba idan akwai zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko ciwon da ke hana barci kuma hutu ba ya rage shi, ko wani ƙusumbi da ya fara fitowa a tsakiyar baya, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya ko da mutum ba ya tari. Yana warkewa da magani, ana ba da maganin kyauta a cibiyoyin gwamnati, amma sai an jure shan sa har kusan shekara guda. Tsohuwar da bayanta ya kama bayan ɗan faɗuwa kaɗan ita ma a kai ta a duba, saboda ƙashi kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Masu ɗori suna da matsayi a ƙasar nan, sunan Aliero ma ya yi nisa a wannan sana'a, amma ƙashin baya ba irin ƙashin hannu ko na ƙafa ba ne, tunda akwai laka a cikinsa, kuma lakar da ta tsinke ba ta haɗuwa. Idan mutum ya faɗo daga babur ko bishiya ko bayan mota, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a ba shi ruwa, kada kuma a kama hannu da ƙafa a jefa shi a kujerar mota. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu a yadda ya same shi, yana yi masa magana: “Baba, kada ka motsa, muna tare da kai.” Mutum uku ko huɗu su mirgina shi lokaci guda, kai da kafaɗa da kwankwaso suna tafiya tare, zuwa kan ƙyaure ko faffaɗan katako. A tokare gefen kansa da naɗaɗɗun tufafi, a ɗaure goshi da ƙirji da kwankwaso da ƙafafu da rawani ko zani, a sa shi a kwance a bayan motar da za ta ɗauke shi a miƙe, a wuce da shi babban asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato idan yana buƙatar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.